Madubin Saiti Mai Hazo

A wata rumfar bindigogin iska a garin Cipacing, Mang Darsa, wani tsoho manomin kwakwa, ya leƙa madubin saitin bindiga mai araha, ya ɓata fuska.

"Ɗana, wannan dishi-dishi yake nunawa. Kurege ya addabi gonata, ga gasar harbi ranar Lahadi. Miƙo mai tsadar."

Mai rumfa ya miƙa.

"Shi ma hazo ne. Kayanku jabu ne."

"Mang, karanta min allon can."

"Maganar matata za ka yi? Idona garau yake."

Mai rumfa ya cire gilashin idonsa ya sa masa. Tsoho ya sake leƙa mai arahar, ya ga komai tangaran.

"Sa min shi a leda, har da gilashin. In matata ta tambaya, tare ake sayar da su."