Fatalwar da ta cire takalmi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Birni nake rubuto maka.

Ranar Lahadi a fadarmu ta shayi muka kalli fim ɗin fatalwar da ta dawo ɗaukar fansa kan mijinta. An bulbule ta da gari, kuma sai da ta cire takalmi kafin ta shiga ɗaki. Malam Isufu ya ce, "Wannan har a lahira ba ta bar tarbiyya ba!" Na yi dariya har da hawaye, na tashi in ba matata Hadiza labari. Sai a ƙofar gida na tuna ta rasu bara.

Jama'a, ku ba ni shawara. Laifi ne in yi wa mijin fim hassada? Shi dai matarsa ta dawo.