Ku Bar Mini Iddir a Kwazazzabo

Assalamu alaikum. Mai girma Amgar Bihi, shugaban ƙauyenmu, malam liman, dattawan gidaje, 'yan'uwana masu jan alfadarai da masu raka baƙi kan dutse, iyayenmu mata da ke saurare ta bayan taga, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da burodi da man zaitun da shayin da kuke aiko mana kwana uku ke nan. Na gode wa samari goma sha huɗun da suka ɗaura aniyar hawa gobe su tono mini gawar ɗana Iddir. Ni Hammu na tsaya ne in roƙe ku kada ku je.

Abu na farko, ku ji yadda ya tafi. Kun san al'adarmu, duk lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe hanyar ƙauyen sama, gida-gida ake bi wajen buɗe ta, kuma ba a taɓa jin gidan da ya tsallake ranarsa ba. Ran Talata layi ya zo kanmu. Na leƙa na ga iska ta yi wuni biyu tana kwaso ƙanƙara tana jibgewa a bakin kwazazzabo. Na ce masa, “Iddir, dutsen nan bai gama magana ba.” Ya yi dariya ya ce, “Baba, tsufa ya sa ka fara tsoron inuwarka. So kake a ce gidan Hammu ya zauna gindin murhu?” Shekara arba'in ina karanta dutsen nan, na ga alama da idona, amma kunyar bakin mutane ta ɗaure mini harshe. Na ce Allah ya tsare, na miƙa masa sandata. Yana cikin buɗe hanyar ƙanƙara ta zubo daga gangare ta binne shi a kwazazzabon.

Abu na biyu, ku ji abin da na gani yau. Na hau har gindin gangaren, na haƙa ramin gwaji cikin ƙanƙarar da shebur zuwa ƙasa. Saman ya daskare, kauri kamu uku, sai ka ce bango. Ƙarƙashinsa kuwa gari ne kamar sukari, ko dunƙulawa ba ya yi a hannu. Na yanka saman, na buga da tafi sau biyu, ya sulale gaba ɗaya. Da na taka gefe, ƙasa ta yi wannan nishin da kuka sani, na ƙanƙarar da ke shirin zubowa. Rabin gangaren ne ya faɗo wa Iddir, sauran rabin yana rataye daidai inda za ku tsaya kuna haƙa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abu na uku shi ne mai nauyi. Na san mu ba ma barin mamaci ya kwana ba sutura. Jiya uwarsa Itto ta ce mini, “Hammu, kai da ka tono baƙi biyu daga ƙanƙara da ko sunansu ba ka sani ba, ɗanka ne za ka bari a waje?” Tun daga nan ba ta ƙara dubana ba. Zuciyata tana ƙuna, jama'a. Amma kunya ta sa na yi shiru sau ɗaya, ta ci mini ɗa, ba zan sake yin shiru ta ci muku goma sha huɗu ba. Ku bari iska ta kwanta, ku bari dutse ya sauke kayansa, ko mako ne ko wata. Ranar da ramin gwajina ya ce a hau, ni zan shige gaba. Iddir ya daina jin sanyi, 'ya'yanku kuwa suna da iyayen da ke jiran su dawo.

Allah ya jiƙan Iddir, ya sa ƙanƙarar nan ta zame masa likkafani kafin namu ya iso. Allah ya sanyaya zuciyar Itto, ya sa wata rana ta yafe mini. Allah ya tsare gidajenku, ya maida kowa ɗakinsa lafiya.

Na gode.