Fulas ɗin da Inna ke cikawa

Assalamu alaikum. Shugaban tsangayarmu, malamai, Inna mahaifiyar marigayi, uwargidansa da 'ya'yansa, 'yan'uwa da ɗalibai, sannunmu da wannan rashi.

Abokan aiki ne suka tura ni in yi magana, wai don ni na fi kowa shan faɗansa. Ban musa ba.

Ya kasance mutumin da ba a wucewa da ganye a gabansa. Mai Ganye muke ce masa. Zai shanya a inuwa, ya niƙa, ya jiƙa, ya tace, sannan ya zauna yana raba sinadaran da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na shanya masa ganye a rana don sauri, sai da na gwammace kiɗa da karatu. Ya ce, "Ka ƙone maganin, ka kawo mini ciyawa."

Ya kasance mai tsoron rai, ko na ɓeran gwaji ne. Akwai ganyen da mutane ke dafawa don ciwon suga. Ya gwada ruwansa a kan ɓeraye, sugan ya sauka, muka fara murna. Shi ko sai da ya duba ƙodarsu, ya tarar ta taɓu. Muka so a yi shela, ya hana. Ya ce, "Sai mun ware mai gyara daga mai ɓarna."

Inna, yanzu da ke nake. Ciwon sugan nan shi ma yana da shi. Kowace safiya kina dafa masa wannan ganyen, ki cika fulas, ki ba shi ya taho aiki. Da ƙodarsa ta gaza, wani ya kai miki labarin abin da bincikensa ya gano. An gaya mana tun ranar ba ki cin abinci, kina cewa da hannunki kika kashe ɗanki.

Inna, bai taɓa sha ba. Ko kurɓa ɗaya. Teburina na kusa da nasa, a gabana yake juye shi a kwatami, ya wanke fulas ɗin tas. Na ce masa, "Ka gaya mata mana." Ya ce, "Wannan ne kaɗai abin da take iya yi mini. In na hana ta, me na bar mata?" Likitocinsa na zaune a nan, su ne shaida: ciwon ne ya ci ƙodar, ba tukunyarki ba.

Ya kasance ɗa mai dawo miki da fulas wayam don ki ji daɗi. Kulawa ce kika ba shi, kuma ya karɓa. Don Allah, Inna, yau ki ci abinci.

Aikin da ya bari, mu za mu ƙarasa, kuma a inuwa za mu shanya. Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Amin.