Gurabe Tara da Wasiƙar da Ba Ta Iso Ba

Mai girma shugaban taro, shugaban jami'armu, shehunan malamai, likitocin asibitin koyarwa, ma'aikatan ɗakunan gwaji, ɗalibai da iyayensu, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka amsa gayyata, har da waɗanda suka zo don an ce akwai lemo. A matsayina na shugaban sashen karatun manyan digiri, an ce in yi muku albishir. Zan yi, amma ku gafarce ni, raina a ɓace yake.

Na farko, bana jami'a ta samu gurabe tara na digirin digirgir a kimiyya da likitanci. An ɗauke wa ɗalibi kuɗin makaranta, an tanadi kayan bincike, ga alawus duk wata har shekara huɗu. Abu uku ake nema: takardun shaida, tsarin bincike, da wasiƙar malami guda wanda ya san aikinka.

Na biyu, bara ma tara aka ba mu, huɗu muka cike, biyar suka koma inda suka fito. Sai na ji ana cewa wai yaran yanzu ba sa son karatu. Haba jama'a! Mutum talatin da ɗaya suka nema, ashirin da biyu aka ture gefe ko karantawa ba a yi ba, saboda wasiƙar malami ba ta iso ba. Cikin taran da suka rage, huɗu ne suka cancanta. Mu malamai, mu ne masu "ajiye, zan duba". Mu ne masu "dawo Litinin", Litinin ɗin kuma muna wajen taron bita. Ɗalibi kuwa ba ya iya tuna wa malaminsa sau uku, kada a ce ba shi da ladabi.

Akwai wata ma'aikaciya a ɗakin gwajin jini, Uwar Sikila muke ce mata, domin shekara goma sha ɗaya ke nan tana duba jinin yara masu wannan ciwo. Bara ta haɗa komai, saura wasiƙa. Sau uku ta hau bene zuwa ofishin malaminta. A na ukun ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ranka ya daɗe, gaisuwa ce kawai ta kawo ni." Ya ce, "Madalla, a gaida gida." Washegari aka rufe karɓar takardu. Ƙa'ida ta ce kada mai nema ya wuce shekara arba'in, ita kuwa bana take cika arba'in ɗin. Idan ta rasa wannan karon, shi ke nan.

Na ga kuna waige-waige kuna neman malamin. Ku hutar da wuyanku. Makon jiya ina neman cajar waya na tsinci takardarta a aljihun teburina, ƙarƙashin katunan ɗaurin aure. Wallahi kunya ta hana ni cin abinci ranar.

Baiwar Allah, ga wasiƙarki na rubuta, ki taso ki karɓa a gaban jama'a, ki kuma yafe mini.

Na ƙarshe, Alhamis ake rufewa. Na sa an ajiye tebur a bakin ƙofa, da takarda da biro da hatimi. Ɗalibai, kowa ya tsaya kusa da malaminsa, yau na ɗauke muku kunya. Lemon yana bayan teburin, babu malamin da zai taɓa shi sai ya sa hannu.

Allah Ya ba ɗalibanmu sa'a, Ya tsare su daga mantuwar malamai irina, Ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.