Faifan Kwafi Ya Jawo Mini Mai Bindiga

Assalamu alaikum Malama Hadiza, da ke da masu sauraro. Sunana Sani, ina sayar da faifan wasan bidiyo a titin Koudoukou.

Tun da rikici ya toshe hanyar Kamaru, faifai na asali ya fi ƙarfin kowa, abokan cinikina na unguwar Miskine kuma sun daina tsallakowa zuwa unguwarmu. Dole na koma sayar da faifan kwafi. Shaguna irin nawa duk sun rufe, saura ni.

Ranar Talata wani mai bindiga ya dawo da faifan ƙwallo da ya saya. Ya ɗora bindigar kan tebur ya ce, "Baba, wasan nan tsayawa yake ana cikin bugawa. Raina ni ka yi?" Nan take na sauya masa wani. Ya ce in wannan ma ya tsaya, zai dawo.

Malama, faifan kwafi ba shi da tabbas. Yanzu ko babur ne ya tsaya a ƙofa sai in leƙa in ga ko shi ne. Matata ta ce in rufe, amma da shagon nake ciyar da gida. Jama'a, ku ba ni shawara: in rufe, ko in zauna in jira shi?