Riƙon Ƙasar Maraya

A zauren ma'ajin Sarkin Multan, wani barde ya zauna kusa da wani tsoho yana huci.

"Ƙauye tara, baba! Yayana ya rasu ya bar ɗa ɗaya, sarki ya ba wani bare riƙon ƙasar da marayan. Ni ƙanin uba, ko akuya ban samu ba!"

"Shekarar yaron nawa?"

"Uku. Kafin ya isa hawa doki a mayar masa da ƙasar, wancan mai tumbin ya cinye alkamar shekara goma sha biyu."

"In yaron ya mutu fa?"

"Cinsa ya ƙare, a kore shi."

"To, zai lallaɓa shi kamar ƙwai. In ya mutun, wa zai gaji ƙasar?"

"Ni mana!"

Tsohon ya ja tabarmarsa gefe.

"Ashe sarki ya san ka, samari."