Na ƙirga gawa, ban ƙirga hanya ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Ni ne Sule mai awon gyaɗa, daga Dutse. A karanta wannan a kan kari, don a ƙofar hakimi ake kunna mana akwatin rediyo, kuma wanda na yi wa laifi yakan zauna a wurin.

Manyan motoci biyu gare mu. Ta Malam Haruna kullum tana hanyar Kano da gyaɗa da fasinja. Ta Tanko kuwa Jahun kawai take zuwa, ran kasuwa. A ta Malam Haruna mutum biyu suka rasu, a ta Tanko mutum ɗaya. Sai na hana Inna shiga ta Malam Haruna, na kuma bi gari ina cewa motarsa mai cin rai ce. Mutane suka guje shi.

Da Yaya Idi, shugaban leburorin hanya, ya ji, sai ya zaunar da ni. Ya kawo ƙwarya biyu, yana jefa tsakuwa ɗaya a kan kowane mil goma da mota ta ci. Ta Malam Haruna ta cika har tana zuba. Ta Tanko ko gindinta bai rufe ba.

Ya ce, "Sule, wa ya fi yin ɓarna a kan tafiyarsa?"

Nan na gane ta Tanko ce ta fi.

Malam Haruna, na san kana ji. Ka yafe mini. Ran Asabar Inna za ta Kano, a ajiye mata gidan gaba.